Aladu Masu Azumi

Litinin, 7 ga Oktoba, da yamma

Yau ma sukarin ya fito a inda bai kamata ba.

Bari in zauna in rubuta abin tiryan-tiryan, ko na tabbatar wa kaina ban zautu ba. Aladuna shida ne, suna can ƙasan benen lab, wato ɗakin bincikenmu. Kowanne an yi masa tiyata an saka masa siraran robobi biyu, ɗaya a jijiyar da ke ɗauke da jinin da zai shiga hanji, ɗaya a babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji zuwa hanta. Duk daren wayewar Litinin da na Alhamis ana barinsu su kwana ba su ci komai ba. Da safe in zo in ja jini, sannan in ba wasu ɗan kaɗan, wasu in cika musu kwano fal, in yi ta jan jini har la'asar. Abin da nake nema shi ne, in ci ya yi yawa a zama ɗaya, nawa ne sukarin da hanji ke turawa cikin jini, nawa ne kuma yake lamushewa a hanya. Don hanji ma ba aikin sadaka yake yi wa jiki ba, sai ya ɗebi rabonsa tukuna. A kan wannan tambaya ɗaya na baro gida na zo New York karatu.

To aladen da ya kwana da yunwa, hanjinsa ba shi da abin turawa. Nawa kuwa, tun ba su ga kwano ba, jinin da ke fitowa daga hanji ya fi mai shiga sukari. Wato akwai abinci a ciki. Na canza injin awo, na canza sirinji, na sake awon da hannuna. Duk ɗaya.

Kuma ni fa ’yar mai kiwon alade ce. A Zonkwa in Mama ta makara da dusa, har bakin coci ana jin ihunsu. Waɗannan na shiga da safe, suka ɗago kai suka kalle ni, suka koma suka kwanta abinsu. Gimbiya ma, wadda ke cizon ƙarfe da ta hango bokiti, rabin kwanonta ta bari. Wani yana ba su abinci a ɓoye, kuma sai na san ko wane ne.

Talata, 8 ga Oktoba, da rana

Farfesa ta kira ni ofis. Ta ce a farkon Disamba za a tura rahoto ga masu ba da tallafin binciken. In babu sakamako, babu sabuntawa. Ba ta ƙarasa ba, amma ai na san sauran: in babu tallafi babu gurbina a makaranta, in babu makaranta takardar zamana ta mutu. Ta faɗa tana murmushin yaƙe, har da tambayata ko ina samun barci. Na ce ina samu. Ƙarya nake yi, tsoro nake ji.

Daga nan na sauka wajen Baba Wahab. Dattijo ne ɗan Kumasi, watan jiya ya fara aikin safe, shi ke wanke ɗakin dabbobi tun kafin kowa ya zo. Hausarsa ta Zangon Kumasi ce, “ka” yake ce mini kamar namiji, na gaji da gyara na haƙura. Ranar da na gano yana jin Hausa na yi murna kamar na ga kawuna, ni da bakina na zaunar da shi na yi masa bayanin aikin duka don kada ya wahala da takardun Turanci.

Na tambaye shi ko ana kiyaye azumin aladun nan. Ya dafa ƙirji.

“Likita, azuminsu bai taɓa karyewa a hannuna ba. Ka kwantar da hankalinka.”

Na yarda da shi. Musulmi ne, safar hannu biyu yake sawa kafin ya taɓa ƙofarsu, in yana wanki ma fuskarsa a gefe take. Wannan ne zai tsaya yi wa alade hidimar da ba a sa shi ba? Ina.

Masu katin shiga ɗakin ba su da yawa. Ni, Farfesa, Baba Wahab, da matar da ke aikin yamma, wadda a gabana take kwashe kwanukan ta kulle. Sai kuma Dakta Dung.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan aiki

Gimbiya ta sake barin rabi. Sukari a sama.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan sujada

Dung ya zo coci. Ya zauna can baya kusa da masu ganga, ana tashi ya fice.

Dung ɗan Jos ne, ya gama digirinsa na uku a lab ɗinmu ya ci gaba da aiki a nan. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka, shi ya nuna mini inda ake sayar da manja a unguwar Flatbush, shi kuma ya yi wa aladuna tiyata, don a benen nan babu mai hannunsa. A da Yaya nake ce masa. Tun ranar feri, jirgin ruwan nan na fito, maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba.

Ba zan rubuta maganar feri ba. Na je unguwar St. George, can tsallaken ruwa, cin abinci gidan gwaggonsa, ta dafa gwate, ta yi ta ce mini “amaryarmu” ina dariya don na ɗauka wasan tsofaffi ne. Ya rako ni, muna tsakiyar ruwa ya faɗi abin da ya faɗa, na ba shi amsar da na ba shi. Shi ke nan, na ce ba zan rubuta ba.

Filomina, wadda muke ɗaki ɗaya, ta ce in daina cin raina, in tashi da asuba in je in gani da idona. Ita ta saba, aikin jinya take yi, ba ta san dare ba ta san rana ba. Na ce mata me zan je gani, ai na san mai yi. Ta ce wa? Na ce ta sani. Ta ajiye cokali ta ce, “Aminci, ki ji tsoron Allah.” Na ce ai shi ya kamata a gaya wa.

Litinin, 14 ga Oktoba, da yamma

Na gan shi.

Na ɗan yi sammako, ina fitowa daga lif sai ga shi yana fitowa daga ɗakin aladuna, da farantin sirinji a hannu. Me ya kai shi? Ba ranarsa ba ce, ba dabbobinsa ba ne. Da ya gan ni sai ya tsaya cak, ya soma cewa robar aladena Mai-tabo kaza-kaza. Na wuce ta gefensa ban tanka ba.

Na shiga na tarar da su kwance lamo, ciki ya ɗauka. Mai-tabo har da minshari.

Yau da nake cikin jirgin ƙasa na layin Q sai abin ya haɗu mini a kai. Nasa binciken yana jiran wuri tun bazara. Ɗakin aladun ɗaya ne. In nawa ya mutu, wa za a ba? Ga wannan, ga kuma waccan maganar da ba zan rubuta ba. Har na wuce tashata ban sani ba, na dawo da ƙafa ina ta magana ni kaɗai a titi kamar sabuwar kamu.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Ba na son yadda yake shiru. Mai gaskiya ai da ya yi fushi.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da yamma

Ya tare ni a bakin lif. Ya ce akwai maganar da yake so mu yi game da aladuna. Aladuna! Na ce, “Dakta, in maganar aiki ce, ka kai wa Farfesa.” Na ga fuskarsa ta canza da na ce Dakta. Oho.

Na sake komawa wajen Baba Wahab, na tambaye shi a hankali ko wani yana shigowa da sassafe. Ya ce ƙwarai, yaron nan mai ladabi, ɗan ƙasarku, kusan kullum sai ya zo ya tsuguna wajensu ɗaya bayan ɗaya. Na ce me yake yi? Ya ce shi bai sa ido a aikin likitoci ba, shi da tiyo da burushi ne. Wai kusan kullum.

Mutumin da ya ci tuwo a ɗakinmu. Mutumin da Mama ke tambaya a waya, wai ina yaron nan na kirki.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da rana

Ban je coci ba. Na ce wa Filomina kaina ke ciwo.

Litinin, 21 ga Oktoba, da yamma

Na gaya wa Farfesa.

Na kai mata awon duka, na nuna mata yadda sukari ke fitowa daga hanjin da aka ce babu komai a cikinsa. Na gaya mata wanda na gani, da abin da Baba Wahab ya ce. Ta tambaye ni ko akwai wani abu tsakanina da shi wanda ba na aiki ba. Na ce akwai. Ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa. Ta ce wannan babbar magana ce, ko na tabbata? Na ce na tabbata.

Na fito na shiga banɗaki na yi amai. Yunwa ce, ban karya ba.

Talata, 22 ga Oktoba, da yamma

An toshe katinsa, ba zai sake sauka ƙasan bene ba sai an gama bincike. Na ji an ce ya gaya wa Farfesa robobin yake dubawa. Ai dole ya ce haka, me zai ce?

Na ɗauka zai zo teburina ya yi ta faɗa, har na shirya amsa. Bai zo ba. Ya zauna gaban kwamfutarsa har aka tashi, ya sa rigar sanyinsa ya tafi.

Na gaya wa Filomina. Ta ɗebi abincinta ta shige ɗaki. To, kowa ya yi fushinsa. Ni dai jibi zan ga alade mai yunwa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Sukari a sama.

Ban gane ba. Na auna, na sake aunawa. Gimbiya ta shinshina kwano ta juya mini baya.

Ya sa wani ne. Dole ya sa wani. Matar yamma fa? Na taɓa ganinsu suna dariya a bakin injin kofi. Tana iya kulle kwanukan a gabana, in na tafi ta dawo.

Kuma robar Mai-tabo ta toshe. Na ja, babu jini. Na tura ruwan gishiri, ya ƙi shiga. Ina wanke su da maganin hana daskarewa yadda takarda ta ce, sau biyu a mako, ban taɓa fashi ba, kuma tun da aka saka su ba su taɓa ba ni wahala ba. Sai yanzu da aka kore shi? Me ya yi musu kafin ya tafi?

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi

Filomina ta shiga banɗaki da waya, na ji tana yaren Berom ƙasa-ƙasa. Ita ma ’yar Jos ce, na manta da wannan. Da ta fito na tambaye ta da wa take magana, ta ce da ƙanwarta. Ƙanwa ce ake yi wa raɗa a banɗaki? Na fara sa wannan littafin a jakata in zan fita.

Na san yadda wannan zai yi kama in wani ya karanta. Ni ma ina jin kaina. Amma aladu ba sa ƙoshi da iska.

Litinin, 28 ga Oktoba, da yamma

Sukari a sama. Robobin wasu uku sun toshe. Na zauna a ƙasa kusa da aladena Ƙanƙane ina lallaɓa sirinji kamar mai roƙo, shi kuma yana taunar igiyar takalmina.

Matar yamma tana hutu tun Juma'a, wani saurayi ne daga wani bene ya kwashe kwanukan jiya. To ba ita ba ce.

Na kira Mama, ban gaya mata komai ba. Ta ce muryata ta yi wani iri. Ta ce an gyara rufin ɗakina, ruwa ya daina zuba. Ban san me ya sa wannan ya sa ni kuka ba. Ba na son in koma ɗakin nan hannu biyu, kowa a zumuntar mata ta coci yana tambayar Mama ina digirin.

Laraba, 30 ga Oktoba, da yamma

Gobe zan je da asuba. Ban gaya wa Filomina ba, kada ta ce ai ta faɗa.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da rana

Ya Ubangiji.

Na fito gari bai waye ba, na shiga jirgin da babu kowa sai masu komawa gida daga aikin dare. Na sauka ƙasan bene ina sanɗa. Tun daga lif na ji ƙarar da na sani tun ina yarinya, ƙarar bakin alade a cikin kwano.

Na tura ƙofa. Baba Wahab ne, da safar hannunsa biyu, da ludayin awo, yana zuba wa Gimbiya. Sauran biyar kawunansu na cikin kwano. Bai ko razana ba. Ya yi mini sannu da zuwa, ya ce yau Likita ya yi sammako.

Na ce Baba, me kake yi? Ya ce su yi maza ne kafin alfijir ya keto, lokaci ya kusa. Na ce wane lokaci? Ya dube ni kamar na tambaye shi sunansa.

“Ka ce Litinin da Alhamis suna azumi. Ina aka taɓa azumi ba sahur?”

Na jingina da bango. Ya ci gaba da bayani, yana ganin ban gane ba ne. Ya ce shi ma Litinin da Alhamis yake yin nasa tun yana saurayi, a nan yake cin ɗan gurasarsa da shayi kafin ya kama aiki. Da na ce masa ranakun ne aladu ke azumi, har dariya ya yi a ransa, ya ce Allah na tuba, ba ibada suke yi ba, amma ciki ciki ne. Ya ga an kwashe musu kwanuka tun dare, ya ɗauka masu aikin yamma ne ba su san ka'ida ba. Sai yake fito da su ya zuba, ya wanke, ya mayar kafin gari ya yi haske. Daga nan kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ya bari su gani. Abin da ke ba shi mamaki ma, wai ni ce nake zuwa da hantsi in karya musu, amma ya ce aikin likita ba a sa masa baki.

Na tuna ranar. Ni na zaunar da shi a kan bokiti. Ni na ce masa kada ya damu da takarda, abin ba wuya, Litinin da Alhamis azumi suke yi. A cocinmu in an ce azumi, daga tuwon dare ne sai an buɗe baki, babu mai tashi cin komai. Ban taɓa tunanin kalmar tana da wata ƙofa ba.

Da ya ga fuskata ya ajiye ludayin. Ya tambaya ko ya ɓata wani abu ne. Na ce ba shi ba ne. Sai ya ce, ina yaron nan, kwana biyu bai gan shi ba. Na ce me ya ce yana yi in ya zo? Ya ce wani farin ruwa yake tura musu a roba, a hankali, yana shafa musu kunne. Yaron ya taɓa ce masa robar nan ba ta son a bar ta kwana biyu, takarda ba ta san haka ba, kuma Likita aiki ya yi mata yawa, kada a gaya mata.

Ban ja jinin kowa ba yau.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da yamma

Na gaya wa Farfesa. Sai da na yi mata bayanin sahur da Turanci, tana kallona baki buɗe. Ta tambaya me ya sa ban sa shi ya karanta takardar ba. Na ce na ga ɗan uwa ne na saki baki. Na roƙe ta kada a taɓa Baba Wahab, abin da aka gaya masa ya yi, har ya yi da zuciya ɗaya. Ta ce za a mayar da shi benen ɓeraye. Sannan ta ce, Dung fa? Na ce na sani.

Awon wata biyu duk ya tafi kwandon shara. Aladu biyu kaɗai suka rage da roba mai aiki, kuma ba a rubuta rahoto da biyu. Ta ce hanya ɗaya ce. In aka sake yi wa huɗun tiyata a makon gobe, suka warke, za a iya samun abin nunawa kafin Disamba, da ƙyar. Mai iya tiyatar kuma mutum ɗaya ne. Ta ce bayan abin da aka yi masa ba za ta ba shi umarni ba, in je in tambaye shi da kaina.

Filomina ta dawo ta same ni a kicin ban kunna wuta ba. Na gaya mata. Ba ta ce ai ta faɗa ba. Ta ɗora ruwan zafi, ta ce da ƙanwarta take magana ranar, ƙanwar ce ke da cikin fari kuma ba ta so a sani tukuna.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, bayan sujada

Bai zo ba. Na yi ta waiwayen wajen masu ganga har matar fasto ta taɓa ni.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da yamma

An buɗe masa katinsa. Na same shi shi kaɗai a ɗakin tiyata yana jera almakashi. Duk abin da na haddace a jirgi ya gudu. Na ɗan rusuna yadda ake yi a gida.

“Yaya Dung, ina kwana. Na zo neman gafara ne.”

Ya juyo ya amsa gaisuwar da Turanci. Na ɗauka wani ne ya shigo bayana, har na waiwaya. Babu kowa.

Na ci gaba da Hausa, na faɗi komai, har abin da na gaya wa Farfesa game da shi, ban rage ba. Ya saurara har ƙarshe, hannunsa a kan tebur. Sannan ya ce Farfesa ta riga ta yi masa bayani. Ya ce aladun ba su yi wa kowa laifi ba, aikin kuma mai kyau ne, bai kamata ya mutu ba. Zai yi biyu ran Laraba, biyu ran Alhamis. Duk da Turanci, a natse, irin wanda yake yi wa baƙin da ke zuwa duba lab. Tun ranar da ya ɗauki akwatina a filin jirgi bai taɓa yi mini Turanci ba, ko a gaban Farfesa sai ya juyo ya yi mini raɗa da Hausa.

Na ce na gode, Yaya. Ya ce babu komai, Miss Yafet, da sunan mahaifina ya kira ni. Na kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa kafin tiyata dole su kwana ba su ci komai ba, in tabbatar na rubuta wa mai aikin safe a takarda, kada in faɗa da baki.